Mory Kanté bai canza harshe ba kafin Turai ta yi masa rawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka baki ɗaya, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan sharhin da kuka buga makonni biyu da suka wuce a shafin nishaɗi. Marubucin ya shawarci mawaƙanmu matasa cewa muddin suna son a ji su a Turai, to su rage Hausa su koma Turanci, su kuma jingine kalangu da gurmi, don wai kunnen Bature ba ya ɗaukar irin wannan sauti. Jikata ce ta karanta mini, saboda idona ya fara gajiya da ƙananan baƙaƙe, kuma sai da na sa ta maimaita wurin. Ni ba mawaƙi ba ne, ban kuma taɓa taka Turai ba, iyakar tafiyata Makka da Kwatano. Amma shekara goma sha tara na yi ina sayar da kaset a Fagge, kuma akwai abin da ya faru a shagona da ya hana ni haɗiye wannan magana.

Duk wanda ya yi samartaka a Kano a farkon shekarun 1990 ya san waƙar Jumma Chumma ta fim ɗin Hum, wanda ya fito a 1991. Amitabh Bachchan, da muke ce wa Amita, yana rawa a tsakiyar leburorin tashar jirgin ruwa, budurwar tana sanye da jar riga, ana ta feshin ruwa. Mu kuwa kalmar Jumma ce ta ƙara mana armashi, don duk yarinyar da ake kira Jummai a unguwarmu ta sha tsokana a shekarar nan. Babu kaset ɗin Indiya da na sayar kamarsa.

Wata Asabar da la'asar, cikin 1992, na saki waƙar a babbar sifikar da nake kafawa a bakin ƙofa don jan masu saye. Akwai wani Alhaji bafatake ɗan ƙasar Gini da ke sauka a gidan da ke kallon shagona duk lokacin da ya zo sarin atamfa a Kantin Kwari. Hausarsa ta kasuwa ce, tana ɗingishi amma tana kai shi inda za shi. Yana zaune a kan bencina yana shan shayi sai na ga ya dire kofin yana dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Alhaji, lafiya?" Ya ce, "Maigida, wannan waƙa namu ne." Na ce haba Alhaji, ta Indiya ce, ga hoton Amita nan manne a bango. Ya ce, "Amita ya yi rawa, mai waƙa yana Paris." Yaran shago suka bushe da dariya, ɗayansu har yana cewa ko dai shayin ne ya yi ƙarfi.

Bai tsaya gardama ba. Ya tsallaka titi ya dawo da wani kaset naɗe a cikin leda. Zaren ya ɗan saki, sai da na sa biro na ɗaure shi kafin in jefa a rikoda. Ya ce in wuce gaba zuwa waƙar da ake kira Tama. Tana tashi shagon ya yi tsit. Kiɗan Jumma Chumma ne sak, sai dai muryar ta baƙin mutum ce ɗan'uwanmu, cikin wani harshe da ban taɓa ji a waƙa ba. Yaron da ya yi maganar shayi shi ne ya fara farfaɗowa, ya ce, "Wallahi har Tamma Tamma ta Ɗan Daba Mai Lasin!" Wato Sanjay Dutt, a fim ɗin Thanedaar na 1990. Na juya bayan kwalin na duba: Mory Kanté, Akwaba Beach, 1987. Shekara huɗu kafin Hum. Gani ya kori ji.

Daga baya na ji cewa a can Bombay har cacar baki aka yi a jaridun fim tsakanin Bappi Lahiri, wanda ya yi kiɗan Tamma Tamma, da su Laxmikant da Pyarelal, masu Jumma Chumma, kan wanda ya riga wani. Mutane na jayayya kan akuyar da ba a garken kowannensu aka haife ta ba.

Tun daga ranar na shiga bin labarin mutumin nan, wani daga bakin Alhajin, wani daga rediyo, saura kuma yanzu da yara ke tono mini a waya. An haife shi ranar 29 ga Maris 1950 a Albadariya, kusa da Kissidougou a ƙasar Gini, lokacin tana hannun Faransa. Gidansu gidan jeli ne, wato maroƙan gado na Malinke, waɗanda ke riƙe da tarihin sarakuna da salsalar dangi a ka, su ne kuma 'yan aike a neman aure da sasanci. 'Ya'yan mahaifinsa talatin da takwas ne, shi yana cikin ƙananan. Mahaifiyarsa, Fatouma Kamissoko, ita ma 'yar gidan waƙa ce daga ɓangaren Mali. Da balafon ya fara, wato jerin itatuwan nan da ake ɗorawa a kan 'yan goruna ana bugawa da sanduna biyu. Bai gama girma ba aka tura shi Bamako wurin wata 'yar'uwar mahaifiyarsa mawaƙiya, a can kuma ya kama kora. Wanda bai taɓa ganinta ba, ya ƙaddara gurmi ne ya yi ƙiba: rabin babbar ƙwarya da aka rufe da fatar saniya, da dogon wuya, da tsirkiya ashirin da ɗaya, ana kaɗawa da manyan yatsu da manuniya kawai.

A 1971 ya shiga Rail Band, ƙungiyar makaɗan hukumar jirgin ƙasa ta Mali, masu wasa a otel ɗin tashar jirgi ta Bamako. Salif Keita ne mai waƙa a lokacin. Da Salif ya bar su a 1973 ya koma wata ƙungiya, sai aka miƙa wa Mory lasifika. Wannan wurin nake so mai sharhinku ya tsaya ya duba da kyau. Mutum ne da ke hawa dandamali dare bayan dare a gaban matafiya da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati, mutanen da in ka yi kuskure a kirarin kakansu za su gyara maka nan take. A can ya rera tarihin gudun hijirar Sunjata Keita, wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13, waƙa mai tsawon kusan rabin awa, da jita da kayan busa na Turawa a bayansa. A 1978 ya koma Abijan ta Kodebuwa, wadda a lokacin ita ce matattarar mawaƙan ƙasashen rainon Faransa, ya haɗa tasa ƙungiyar da kayan kiɗan gargajiya. Sai 1984, shekarar da shugaban Gini Sekou Toure ya rasu, ya tattara ya nufi Paris, yana da shekara talatin da huɗu. Wanda ake yi wa tafi a Bamako da Abijan ya koma baƙo mai neman inda zai kafa kora.

In za a faɗi gaskiya, ya sauka a kan gaɓa. Gwamnatin Mitterrand da ta hau a 1981 ta buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Radio Nova suka shiga saka kiɗan Afirka ba dare ba rana. Ga kuma dubban 'yan Mali da Gini da Senegal mazauna birnin da kewayensa, musamman Montreuil inda Salif Keita ma ya zauna, masu bikin aure da suna, masu buƙatar jeli kamar yadda suke buƙatarsa a gida. Su ne suka fara cika masa ɗakunan wasa kafin Bature ya leƙo. A 1985 ya sa murya a waƙar taimakon Habasha da Manu Dibango na Kamaru ya jagoranta lokacin yunwa, a shekarar ce kuma mawaƙin Faransa Jacques Higelin ya gayyace shi, tare da Youssou N'Dour, zuwa babban zauren Bercy. Daga nan kamfanin faifai na Barclay ya ɗauke shi. Faifansa na 1986 sunansa 10 Cola Nuts, wato goro goma, adadin da Malinke ke kaiwa gidan iyayen yarinya in za a nemi aure. Alhajina ya ce ai auren Turai Mory ke nema, shi ya sa ya kai goro.

An kuwa ba shi. Yéké Yéké, waƙar da ta buɗe masa duniya, ta riga ta fito tun 1984 a faifan da ya yi da isarsa Paris, a natse, ba ta yi wata ƙara ba. A 1987 suka sake ɗaukar ta da wani furodusa Baturen Ingila, Nick Patrick. Aka ƙara mata sauri, aka sa gangar na'ura mai bugun da gidajen rawa ke so, aka jera masu busa, aka jona kora da lantarki, abin da ya sa Faransawa suka laƙaba masa maroƙi mai lantarki. Riga aka canza wa waƙar. Baitocin suna nan da Malinke daga farko har ƙarshe, amshin mata yana nan irin na dandalin ƙauye, kora kuma ita ke jan gaba. A 1988 ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Holan da Beljiyam da Sifaniya, ta biyu a Jamus ta Yamma, ta biyar a Faransa. An sayar da faifanta fiye da miliyan ɗaya. Yaran Amsterdam da Madrid suna tsalle suna maimaita kalmomin da ko ɗaya ba su san ma'anarta ba, kamar dai yadda mu muka yi shekaru muna rera Indiyanci a Fagge. Wa ya taɓa fassara mana Jumma Chumma kafin mu haddace ta? Da an fassara ma, da wataƙila iyayenmu sun fasa rikodar.

Zan ba mai sharhinku haƙƙinsa a wuri ɗaya. A Ingila waƙar ba ta wuce ta 29 ba a wancan karon, don Ingilishi bai saba jin abin da ba harshensa ba. Kuma hanyar da Paris ta shimfiɗa wa 'yan ƙasashen rainonta, da kamfanoni da rediyo da bukukuwan kiɗa na bazara, Landan ba ta shimfiɗa wa mawaƙin Hausa irinta ba. Shata da Ɗan Maraya Jos sun fita ƙasashen waje sun yi wasa an yi musu tafi, amma babu wani Barclay da ya tsaya a bayansu da kuɗi da situdiyo da masu rarraba faifai. Wannan giɓi ne na gaske. Sai dai giɓin kasuwa ne da na masu zuba jari, Turanci ba zai cike shi ba. Yaron da ya bar Hausarsa ya shiga Turancin da bai ƙoshi da shi ba, layi zai bi a bayan dubban da aka haifa da harshen a baki, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya fi damuna a sharhin shi ne babu inda aka ambaci koyo. Tsakanin shigar Mory Rail Band da fitowar Akwaba Beach shekara goma sha shida ne, ban da na ƙuruciya a gaban iyaye. Da Baturen nan ya kunna masa na'ura, ya tarar da mutumin da ya san inda zai sassauta da inda ba zai taɓa ba. Yanzu ina ganin yara a unguwa, wata uku da fara zuwa situdiyo, murya duk kwamfuta ce ta miƙar da ita, ba su iya kaɗa ko gwangwani ba, amma maganarsu ita ce yadda za a fita waje. Wani da na tambaya ko ya san yadda ake ɗaure kalangu, dariya ya yi ya ce, "Baba, ai yanzu duk yana cikin kwamfuta." Yana ciki mana, wani ne ya kaɗa aka zuba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma a ɗauka Turai ta ba shi kyauta ne. Waƙa ɗaya ta yi masa girman da ta rufe duk sauran aikinsa. Kamfani yana son wata irinta, masu kallo suna zaman jiran a zo kanta. Faifan Touma na 1990, wanda har Carlos Santana ya kaɗa jita a ciki, an kashe masa kuɗi, amma bai kamo ƙafar na baya ba. A gida kuma akwai dattawan da ke ganin ya kai kayan gadon sarakuna gidan rawa, kuma ban ce ba su da hujja ba. Alhajina da kansa, duk alfaharin da yake yi da shi, ya ce mini in waƙar gaske nake so in nemi kaset ɗinsa na Bamako. A tsakiyar shekarun 1990 wasu Jamusawa biyu da ake kira Hardfloor suka sake yanka Yéké Yéké suka zuba mata kiɗan na'ura zalla, ta sake zagaya gidajen rawa. Na ji wannan, kaina ya yi ciwo. Sai a 2004, yana da shekara hamsin da huɗu, ya fitar da Sabou, wanda ya ajiye na'urori ya koma kora da balafon da ganguna da muryoyin mata, masana kiɗa a Turai suka yi ta yabo. Ni a wurina shi ne mafi daɗin abin da ya bari, ko da yake na san jikokina ba za su yarda ba.

To, yanzu in zo kan kaina, don kada in tsaya ina nuna Indiyawa da yatsa. A daren da Alhaji ya kawo kaset ɗin nan, roƙonsa na yi ya bar mini shi zuwa safe. Na kwana a shago da rikoda mai baki biyu da kwalin TDK, ina kwafa ina juyawa har aka kira assalatu. Na sa yaro ya rubuta a jikin kowanne da jan biro: ASALIN JUMMA CHUMMA. Ka lura, Malam Edita, ko sunan mutumin ban sa ba. Da sunan kwafi na sayar da asali, saboda shi mutane suka sani. Suka tafi kamar ƙosai da safe, na ƙara wani kwalin, kuma ko kwabo bai isa hannun mai waƙa ba. A lokacin ban ɗauke shi laifi ba, haka kowa ke yi daga Bata har Ƙofar Wambai. Manu Dibango, da Michael Jackson ya ɗauki amshin waƙarsa Soul Makossa ta 1972 ya sa a faifan Thriller, ya kai ƙara har aka sasanta da shi a wajen kotu, saboda yana zaune inda akwai lauya da rajistar haƙƙin mallaka. Wa zai biyo ni Fagge? Su ma Indiyawan, a bangon kaset ɗin da muke sayarwa sunayensu kawai ke rubuce. A 2017 ma sun sake sabunta Tamma Tamma a wani fim, sababbin yara suka sake haddacewa.

Abin da ke ba ni dariya, wani lokaci kuma takaici, shi ne tafiyar da karin nan ya yi. Ya tashi daga ƙasar Malinke, ya hau jirgi zuwa Paris, daga can Bombay, sannan ya sauka a sinimomin Kano da rawani irin na baƙo, muka tashi muka ba shi shimfiɗa. Daga Bamako zuwa nan mota ce ke kawo mutum, fatake na ta kai da kawowa tun zamanin Wangarawa. Amma sai da Amita ya taka muka ji daɗinsa. Masu fim da masu waƙa a nan sun yi shekaru suna ɗaukar karin Indiya suna ɗora masa Hausa, kowa ya san wannan. Yau kuma ana ce wa yaranmu su ɗauki harshen wani ma gaba ɗaya.

Mory bai tare a Turai ya manta hanya ba. Ya gina cibiyar kiɗa a unguwar Nongo ta Konakiri. A 2001 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi jakadanta. Da Ebola ta ɓarke, kuma daga yankin kudancin Gini ta fara, har da Kissidougou ɗin su, yana cikin mawaƙan da suka haɗu a 2014 tare da Salif Keita da Oumou Sangaré da Tiken Jah Fakoly da su Amadou da Mariam, suka yi waƙa cikin harsunan mutanen yankin suna cewa a yarda da likita, a daina taɓa gawa. Aikin jeli ke nan tun asali, isar da saƙon da in wani ya faɗa ba za a saurara ba.

Ya rasu ranar Juma'a 22 ga Mayu 2020 a wani asibiti a Konakiri, yana da shekara saba'in, saura kwana biyu ƙaramar Sallah. Ɗansa ya shaida wa 'yan jarida cewa ya daɗe yana fama da rashin lafiya, Faransa yake zuwa ganin likita, sai annobar korona ta rufe hanya. Cikin wata biyu ke nan aka rasa Manu Dibango a ƙarshen Maris, da Tony Allen mai gangar Fela a ƙarshen Afrilu a Paris, sannan shi. Muna cikin kulle a Kano lokacin, a rediyo na ji. Na fita ƙofar gida na gaya wa maƙwabcina, tsaran samartakata, ya ce wane ne haka? Na ɗan rera masa amshin Jumma Chumma a hankali, don watan azumi ne. Ya ce, "Innalillahi, Amita ne ya mutu?"

Ina roƙon ka sa ɗaya daga cikin 'yan jaridarka matasa ya nemi waƙar Tama a wayarsa, ya saurare ta, ya bi ta da Jumma Chumma, sannan ya miƙa wa mai sharhinku wayar. In kuma yana son jin ta a kaset, ɗaya daga cikin waɗanda na kwafa a daren nan yana nan a akwatina. Jan biron ya kusa gogewa, kuma a watan da ya rasu na sa jikata ta rubuta sunansa a ƙasa. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya yafe mana abin da muka ci nasa.

Naka,
Tsohon mai shagon kaset,
Fagge, Kano.